Hannayen da Suka Kamo Sanyi: Daga Rumfar Mai Gyaran Firij a Gauraka Zuwa Birnin Leiden

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san Gauraka, ko da bai taɓa sauka ba. Gari ne da ke jingine da Suleja, ba nisa da Dutsen Zuma. A watannin Maris da Afrilu, idan bazara ta kankama rana ta take, babu hajar da ta fi ruwan sanyi tafiya a bakin titin nan. Mata da yara na bin motoci da fiya wata da zoɓo da kunun aya, kowa na cewa nasa ne mai ƙanƙara. In kuwa azumi ya faɗo a wannan tsakani, ƙanƙarar kanta sai wane da wane. A bayan wannan kasuwa duka akwai mutum guda da ba a tuna shi sai ranar da firiza ta daina sanyi, wato mai gyaran firij.

Aikinsa ya cancanci a tsaya a kalla. An kawo firiza a bayan Keke Napep, mai ita ta ce injin yana ƙara amma ba sanyi. Oga ba ya gaggawar kwance komai. Zai jona ta da wuta, ya kasa kunne ga kwamfaresa, ya ɗora bayan hannunsa a kan bututun baya ya ji ko yana ɗaukar ɗumi. Sai ya ce wa yaronsa, "Kawo ruwan omo." Ya bi kowace mahaɗa yana shafa kumfa, yana jira. Inda kumfa ta kumbura ta fashe, nan gas yake zurarewa, ta wata kafa da ba ta kai tsinin allura ba. Ya kunna wutar walda ya like wurin. Kafin ya ɗura sabon gas, sai ya zuƙe iskar da ke cikin bututun kaf, sau da yawa da tsohuwar kwamfaresa da ya mayar famfon zuƙa, domin ya san idan ɗigon danshi ya saura, zai daskare a cikin siririn bututun nan mai kaurin tsinken tsintsiya, ya toshe hanya, aiki ya koma baya.

Yoyo da toshewa da ƙazantar gas: waɗannan abubuwa uku da oga yake fama da su a rumfarsa, su ne suka hana manyan masanan fiziks na Turai barci kusan shekara ɗari. Littattafan makaranta sun riƙe sunayen farfesoshin. Waɗanda suka like bututun, suka hura gilashin, suka kwana gaban famfo, da kyar ake jin ɗuriyarsu, alhali in ba don su ba da ba a kai ko'ina ba.

Da farko, mene ne ake nema? Zafi motsi ne na ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama abu. Sanyaya abu shi ne rage wannan motsi, kuma ragin yana da iyaka. A ma'aunin Salshiyos ruwa na daskarewa a sifili. Firizar gida tana sauka zuwa wajen digiri 18 ƙasa da sifili. Iskar oksijin, wadda ake sa wa marar lafiya a asibiti, tana zama ruwa a digiri 183 ƙasa da sifili, naitirojin a 196, haidurojin a 253, hiliyom kuma a 269. Ƙarshen tsanin shi ne 273.15, inda babu sauran zafin da za a iya cirewa. Tseren da aka yi a ƙarni na 19 da farkon na 20 shi ne a mayar da kowace iska ruwa, mataki bayan mataki, a kusanci wannan iyaka.

Asalin dabarar kuwa tsohuwar randa ta san ta. Ruwa idan zai ƙafe sai ya sha zafi daga abin da ke kusa da shi. Shi ya sa ruwan randa ke sanyi, shi ya sa gumi ke sanyaya jiki. Firij yana matse gas har ya zama ruwa, ya sake shi ta siririn bututu, ya ƙafe a ciki ya kwashe zafin abinci, sannan a sake matse shi. Masanan sai suka jera irin wannan zagaye kamar matakala: ruwan gas na farko ya sanyaya na biyu, na biyu ya sanyaya na uku.

Mutumin da ya buɗe wannan hanya shi kansa ɗan maƙeri ne. Michael Faraday ya fara da koyon ɗinkin littattafai a Landan, kuma a 1813 aka ɗauke shi yaron ɗakin gwaji a cibiyar Royal Institution, yana wanke kwalabe yana haɗa wa masani Humphry Davy kayan aiki. A 1823 ya mayar da iskar kulorin ruwa a cikin lanƙwasasshen bututun gilashi da aka like bakinsa. Irin waɗannan bututu sun sha fashe masa, har tsinin gilashi ya taɓa shiga idonsa. Bayan rabin ƙarni, a watan Disambar 1877, Louis Cailletet na Faransa ya ga hazon oksijin a cikin bututu. Shi ma a masana'antar narka ƙarfe ta mahaifinsa ya tashi, ya san famfo da matsin iska tun kafin ya san ɗakin gwaji. A 1883 wasu 'yan Folan biyu a birnin Krakow, Wróblewski da Olszewski, suka tara ruwan oksijin yana kwance a gilashi ana kallonsa, kuma Olszewski ya yi suna ne wajen iya ƙera na'ura da gyara ta da hannunsa.

Daga nan tseren ya koma tsakanin mutum biyu, kuma bambancin halinsu game da ma'aikatansu yana cikin abin da ya raba gardama.

Na farko shi ne James Dewar na Landan, haziƙi mai zafin rai. A 1892 ya fito da tulun gilashi mai bango biyu, aka zuƙe iskar da ke tsakanin bangon, daga baya aka shafe shi da azurfa, domin zafi ya rasa hanyar shiga. Ranar 10 ga Mayun 1898 ya mayar da haidurojin ruwa, duniya ta ɗauka. Amma injinan da suka yi wannan aiki, mataimakinsa Robert Lennox ne ginshiƙin ƙera su da tafiyar da su. Aikin yana da haɗari ƙwarai, ga matsi mai tsanani, ga iska mai kama wuta, ga gilashi. Lennox ya rasa ido ɗaya a fashewar da aka yi a ɗakin gwajin. Abokin aikinsa Heath shi ma ya rasa ido ɗaya. Duk da haka Dewar bai cika ambaton su ba a rubuce-rubucensa, kuma yana ɓoye sirrin na'urorinsa, yana faɗa da takwarorinsa, ciki har da William Ramsay, wanda ya gano hiliyom a doron ƙasa a 1895. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin takaici ne a ce mutum ya ba da idonsa ga wani aiki, sannan a rasa sunansa a takardar aikin.

Shi kansa tulun na Dewar sai da ya bi ta hannun mai sana'a kafin ya shigo gidajen mutane. Dewar bai yi masa rajistar mallaka ba. Wani maƙerin gilashi a Balin, Reinhold Burger, wanda ya saba yi wa masana irin wannan tulu, ya ga cewa abin da ke tsare sanyi zai tsare zafi. Ya ƙarfafa shi yadda ba zai fashe da wuri ba, ya sa masa riga ta ƙarfe, ya yi rajista a 1903, aka fara sayar da shi da sunan Thermos a 1904. Filas ɗin shayin da uwargida ke cikawa da asuba, da wanda ake kai wa mai jego asibiti, jikan wannan tulu ne.

Na biyu shi ne Heike Kamerlingh Onnes, wanda ya zama farfesa a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan a 1882. Mutum ne mai raunin ƙirji, mai haƙuri, wanda ya yi imani cewa sai an auna abu ake saninsa. Ya fahimci cewa sanyi irin wannan ba aikin mutum ɗaya da kwalba biyu ba ne, aikin masana'anta ne. Ana bukatar famfunan da ba sa yoyo, da bawul ɗin da ke buɗewa a cikin sanyin da ke mayar da roba kamar ƙwai, da gilashin da ke jure sauyin yanayi. Ba a sayar da waɗannan a kasuwa, kuma masu iya yin su ba su da yawa. Sai ya yanke shawarar ya raini masu yin su da kansa.

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. An gina ɗakin gwajinsa ne a unguwar da wani jirgin ruwa maƙare da albarushi ya tarwatse a 1807, ya kashe mutum kusan 150. Da hukumar gari ta ji cewa farfesa yana tara iska mai fashewa a wannan wuri, sai aka tsayar da aikin sanyin a 1895, ba a sake shi ba sai 1898. Shekara ukun nan ne suka ba Dewar damar riga shi ga haidurojin. Onnes bai bar lokacin ya tafi a banza ba, ya ci gaba da gyara tsarinsa da horar da yara. A 1901 ya kafa ƙungiyar koyar da masu ƙera kayan awo, wadda ta zama makarantar masu ƙera na'urori ta Leiden. Samari kan shigo suna ƙanana, su koyi aikin ƙarfe da injin sassaƙa da hura gilashi a cikin ɗakin gwajin, suna yi wa bincike aiki na gaske, da yamma kuma su yi darasin lissafi da zane. Saboda shuɗiyar rigar aikin da suke sawa, ana ce musu shuɗɗan samari. Wanda ya san yadda ake kai yaro wurin oga a Suleja ya koyi sana'a har a yaye shi, ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai an haɗa wa yaron da karatu da jarrabawa da takardar shaida.

A cikin wannan gida mutum biyu suka fi fice. Gerrit Jan Flim, wanda aka haifa a 1875, ya shigo yana saurayi ya zama shugaban sashen injinan sanyi. Shi ne ke mayar da zanen farfesa ƙarfe mai aiki, shi ne kuma ya san halin kowane famfo. Na biyu Oskar Kesselring, Bajamushe, gwanin hura gilashi. A 1906 suka kammala injin da ke ba da lita 4 na ruwan haidurojin a awa guda, ba ɗigo-ɗigo ba kamar yadda ake samu a wasu wurare. Wannan yalwa ita ce makamin da Leiden ta fi kowa.

Saura hiliyom, kuma samun iskar ma aiki ne. Ta hannun ɗan'uwan Onnes, wanda ke aiki a wani ofishin harkokin ciniki a Amstadam, aka sayo yashin monazait daga jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Irin wannan yashi ana samunsa a kufan haƙar kuza na Jos. Aka yi watanni ana gasa shi, ana tara iskar da ke fita, ana tace ta, har aka sami lita 360. Tacewar ba ta wasa ba ce. A sanyin da ake nema, kowace iska banda hiliyom ƙanƙara take zama, don haka ɗan burbushin iskar waje ya isa ya toshe bututu, kamar dai danshin da oga ke gudu a firiza.

Ranar 9 ga Yulin 1908 aka tanadi lita 75 na ruwan iska, wato iskar da aka mayar ruwa. Washegari, 10 ga wata, ƙarfe shida saura kwata na safe, aka tayar da injin haidurojin. Zuwa ɗaya da rabi na rana an tara lita 20. Da ƙarfe huɗu da minti ashirin aka fara zagaya hiliyom: a matse ta, a sanyaya da ruwan iska, a ƙara sanyayawa da ruwan haidurojin, a sake ta ta ƙaramar kafa, abin da bai zama ruwa ba ya koma a sake matsewa. A tsakiyar na'urar akwai gilasai cikin gilasai, na hiliyom a cikin na haidurojin, na haidurojin a cikin na ruwan iska, shi kuma a cikin na sifirit don kada raɓa ta rufe gani. Idan ɗaya ya tsage, aikin watanni ya tafi, wataƙila da idon wani. Flim yana kan bawul da famfo tun asuba. Farfesa bai ko zauna cin abinci ba, matarsa ce ta zo tana ba shi burodi a baki yana tsaye.

Yamma ta yi, haidurojin ya kusa ƙarewa, ma'aunin zafi ya sauka ya tsaya cak, amma gilashin kamar babu komai a ciki. Wajen bakwai da rabi wani farfesan kimiyyar sinadarai, Schreinemakers, wanda ya leƙo ya ga yadda ake ciki, ya ce wataƙila ma'aunin ya ƙi motsi ne don yana nutse cikin ruwa. Aka haska gilashin da fitila daga ƙasa. Sai ga bakin ruwan ya bayyana, garau har ido ya kasa raba shi da gilashi. Bai wuce cikin ƙaramin kofin shayi ba, wajen mililita 60. A rahoton da Onnes ya rubuta, ya ambaci Flim da suna ya gode masa, ya kuma faɗi cewa an kai ma'aikata da injina iyakar ƙarfinsu a wannan rana.

Bayan shekara uku aka ci babbar riba. Ana son a san yadda wutar lantarki ke ratsa ƙarfe a irin wannan sanyi, aka zaɓi zaiba, domin ana iya tace ta har ta yi tsarki sosai. Amma zaiba ruwa ce, ba a yin waya da ita. Kesselring ne ya ja gilashi ya yi bututu siriri kamar gashi, aka ɗura zaiba a ciki ta daskare ta zama zare, kuma zaren kan tsinke wajen daskarewa sai an sake. Ranar 8 ga Afrilun 1911, Flim yana kula da sanyi, wani matashi Gilles Holst yana karanta ma'auni a wani ɗaki, aka ga turjiyar da zaiba ke yi wa lantarki ta ɓace. A wajen digiri 269 ƙasa da sifili wuta na wucewa ba tare da asarar komai ba. A 1913 Onnes ya karɓi kyautar Nobel.

Gaskiya ita ce shi ma bai kuɓuta daga halin zamaninsa ba. Sunan Holst bai fito a matsayin marubuci a takardun wannan bincike ba, ko da yake shi ya yi awon, kuma gidan na Leiden gida ne na maigida da yaransa, maganar farfesa ita ce ta ƙarshe. Amma ya gina abin da ya rayu bayansa. Shekara goma sha biyar babu inda ake samun ruwan hiliyom a duniya sai Leiden. Sai a 1923 aka yi a Toronto ta Kanada, shi ma da taimakon zanen Leiden. Ka'idar ba a ɓoye take ba, kowa na iya karantawa. Abin da sauran jami'o'i suka rasa shi ne irin su Flim da Kesselring. Ɗaliban makarantar kuwa suka bazu a ɗakunan gwaji da masana'antu a ciki da wajen Holan, ana rububinsu.

Labarin ya maimaita kansa a Rasha. Pyotr Kapitza ya ƙera sabon injin hiliyom a Kambirij a 1934, a shekarar kuma da ya je gida Rasha, gwamnatin Sobiyet ta hana shi komawa Ingila. Aka sayi kayan ɗakin gwajinsa aka kai Masko, amma kaya kaɗai ba su isa ba, sai da ma'aikatansa biyu, Laurmann da Pearson, suka bi su suka kafa su, suka koya wa 'yan ƙasa. Gwajin da ya nuna wa ido yadda ruwan hiliyom ke gudana ba tare da wata turjiya ba, da wata 'yar na'urar gilashi mai ƙafafu kamar gizo-gizo aka yi shi, kuma maƙerin gilashi Petushkov ne ya hura ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Samuel Collins na Amurka ya ƙera injin hiliyom da kamfani zai iya yi da yawa ya sayar, daga nan kowace jami'a mai hali ta shiga fagen.

Kada a ɗauka zamani ya kawar da matsalar mahaɗa. Babbar na'urar karo da ƙwayoyin zarra ta cibiyar CERN, a kan iyakar Faransa da Suwizalan, zobe ce mai tsawon kilomita 27, kuma maganaɗisunta na aiki a digiri 271 ƙasa da sifili. Ranar 19 ga Satumbar 2008, kwana tara da kunna ta, wata mahaɗar lantarki guda tsakanin maganaɗisu biyu, wadda ba a like da kyau ba, ta yi zafi ta narke. Tan shida na hiliyom ya tsere, aka ciro maganaɗisu 53 don gyara, na'urar ta tsaya fiye da shekara. Dubban masu digirin digirgir suka zauna jiran masu walda.

To ina ruwan mutumin Gauraka da wannan duka? Sanyin nan ya riga ya shigo rayuwarsa. Gas ɗin da Najeriya ke fitarwa daga Bonny tun 1999, sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili ya zama ruwa kafin a loda wa jirgi. A cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, da duk inda ake yi wa shanu barbarar allura, a cikin ruwan naitirojin ake ajiye irin bijimi, a tulun ƙarfe da aka gina kan dabarar Dewar. Na'urar MRI da ake tura marar lafiya Abuja ko Kano ya shiga, maganaɗisunta waya ce marar turjiya irin wadda aka gano a 1911, tana jiƙe cikin ruwan hiliyom lita dubu da ɗoriya, wanda daga waje ake shigo da shi. Oksijin na asibiti da na mai walda, yawancinsa ta hanyar sanyaya iska ake raba shi. Allurar rigakafin yara kuma dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8 tun daga ma'ajiya har ƙauye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tsaye ne a kan wani ma'aikaci da ya san yoyo da toshewa. Kowa ya sha jin labarin na'ura mai tsada da aka yi bikin ƙaddamarwa, bayan shekara biyu aka lulluɓe ta da leda ana jiran injiniya daga ƙetare.

Ba hannu aka rasa a wannan yanki ba. A jihar Neja ɗin nan, a unguwar Masaga ta Bida, akwai zuriyar masu aikin gilashi da suka gaji narka shi da zuga-zugi suna yin duwatsun wuya da awarwaro, kuma sun san halin gilashi a wuta sanin da ba a littafi suka samo ba. A Suleja kanta, lokacin tana amsa sunan Abuja, Bature Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanen Ladi Kwali, ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko. Shi ya zo da ilimin sinadarin yumɓu da murhun da ke haura digiri 1,200, ita ta zo da hannu da idon da ta gada a Kwali. Abin da haɗuwar ta haifar ya zaga Landan da Amurka, kuma a wannan karon sunan mai hannun bai ɓace ba, hotonta na bayan takardar naira 20. Wuta ce a can maimakon sanyi, amma tsarin ɗaya ne da na Leiden: masani da mai sana'a a rumfa guda, kowa na koyo daga ɗan'uwansa.

A fagen sanyin ma akwai misali na gida. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ɗan gidan magina tukwane ne. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin na ƙafewa, na cikin na sanyi. Yalon da kan lalace a kwana uku ya kai kwana 27. Bai je kamfani ba, magina na karkara ya ba aikin suka gina dubbai, kuma a shekarar 2000 ya sami kyautar Rolex.

Cibiyoyi ma akwai su. A Minna akwai cibiyar ƙera kayan kimiyya ta SEDI a ƙarƙashin hukumar NASENI, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a garin, ga kwalejin fasaha ta tarayya a Bida, kuma kwalejoji irinta suna koyar da fasahar ɗakin gwaji. Inda gizo ke saƙar shi ne darajar da ake ba wanda ya bi wannan hanya. An daɗe ana kokawa kan fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen albashi da ƙarin girma. A jami'o'i da dama, ma'aikacin da ya san yadda ake tayar da na'ura yana ƙasa da wanda ke rubuta sakamakonta, kuma idan ya yi ritaya ba a tanadi wanda zai gaje shi ba. Uba kuma yakan kai yaro wurin mai gyaran firij ne bayan ya ga boko ya ƙi, ba don ya ga yaron yana da hannu ba. Yaron nan da ke riƙe wa oga ruwan omo ya riga ya san rabin abin da shuɗɗan samarin Leiden suka sani. Abin da ba a ba shi ba shi ne darasin yamma, da famfon zuƙa na gaske mai ma'auni, da wanda zai gaya masa dalilin da ya sa gas ke sanyi idan ya fita ta siririn bututu.

Makarantar da Onnes ya kafa a 1901 tana nan a Leiden har yau, tana yaye masu ƙera na'urorin bincike na asibiti da na sararin samaniya. Flim ya yi tsawon rai, ya rasu a 1970, shekara 44 bayan maigidansa. Injin da ya haɗa, wanda ya ba da kofin hiliyom na farko, yana ajiye a gidan tarihi na Boerhaave a cikin garin. Dogon abu ne siriri a kan ƙafafun ƙarfe, bututu na hawa na sauka a jikinsa, kuma kowace mahaɗa da hannu aka like ta.